Yadda ake gina cibiyar fasahar matasa mai sanyi wadda ba ta shan wuta

Akwai wata cibiyar matasa da na sani, an kashe mata kuɗi ba kaɗan ba. Gabanta gilashi ne tun daga ƙasa har sama, yana kallon yamma. An jera mata iyakwandishan a babban zaure, aka ajiye ƙaton janareta a bayan gini. Ba a rufa shekara ba kuɗin man dizal ya gagara. Daga nan, da zarar azahar ta yi a watan Afrilu, ba mai iya zaman minti goma a ciki. Yaran da aka yi ginin dominsu suka kwashe gangunansu da allunan zanensu suka koma gindin darbejiyar bakin ƙofa. Abin ya daɗe yana ci mini rai, domin da kuɗin nan, ko ma ƙasa da shi, za a yi ginin da zai riƙe sanyinsa da kansa.

Cibiyar matasa ba banki ba ce. Ba ta da kuɗin shiga na kullum, masu ba da tallafi kuma sun fi son biyan kuɗin gini a kan kuɗin mai. Saboda haka tsarin da zan bi a nan shi ne a sa jikin ginin, wato mafuskantarsa da rufinsa da bangonsa, ya yi mafi yawan aikin sanyayawa, sannan a sayi sola daidai ɗan abin da ya rage. Lissafina na yankin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ne, inda rana da iska suke kusan iri ɗaya.

Mataki na 1: A zauna da yaran kafin a kira mai zane

Ku tara waɗanda za su yi amfani da wurin, maza daban mata daban idan hakan zai sa kowa ya saki jiki ya yi magana. Abin da ake so a rubuta shi ne me za a yi, mutum nawa, da ƙarfe nawa. Masu zane da masu ɗinki da saƙa suna son hasken rana, aikinsu na safe ne zuwa la'asar. Masu wasan kwaikwayo da rawa da waƙa sun fi taruwa da yamma. Masu haɗa fim da ɗaukar sauti suna son ɗaki rufaffe marar ƙura. Masu rini da ginin tukwane suna son ruwa da iska da wurin da ba za a yi musu faɗa ba idan sun ɓata ƙasa.

Wannan jerin shi zai nuna muku cewa ɗaki ɗaya ko biyu ne kawai ke buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Zai kuma hana ku kuskuren da kwamitoci suka fi yi, na gina zauren mutum 500 wanda sau huɗu ake cika shi a shekara. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100, mai rawa kuwa ya ninka haka sau uku ko fiye. Mutum 200 a rufaffen ɗaki tamkar an kunna dutsen guga ashirin ne. Babban taro a kai shi tsakar gida da yamma, a gina masa dandamali da dakalai. Zauren ciki ya tsaya a na mutum 60 zuwa 80, na atisaye da na ranar da hadari ya taso.

Mataki na 2: A karanta filin

Ku je filin sau uku a rana ɗaya: da hantsi, da azahar, da la'asar sakaliya. Ku kafa sanda ku ga inda inuwa take faɗawa. Ku tambayi maƙwabta inda ruwa yake kwanciya da damina, kuma kada a sare ko bishiya ɗaya kafin a gama zane.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ba ta cin ko kwabo, ita ce ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa. Dalili shi ne ranar safe da ta la'asar a kwance suke zuwa, suna dukan bangon gabas da na yamma kai tsaye, babu wata rumfa da za ta tare su. Ranar tsaka kuwa daga sama take, ɗan fitowar rufi ya isa ya kare bango.

Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da kanmu, sauran watannin kuma ta kudu. A watan Disamba takan karkata kudu sosai, tsayinta da tsakar rana bai wuce digiri 55 ba, don haka bango mai tsayin mita 3 sai an yi masa baranda mai faɗin kusan mita 2 kafin ya shiga inuwa gaba ɗaya. A arewa kuwa, ko a watan Yuni, santimita 60 zuwa mita 1 ya wadatar. Ga ma'auninku ke nan: baranda mai faɗi a kudu, wadda za ta zama hanyar wucewa da wurin zama, sai gajeriyar fitowar rufi a arewa.

Iska ma tana da nata lissafi. Ta damina daga kudu maso yamma take busowa, ita ake so ta ratsa ɗakuna. Ta hunturu daga arewa maso gabas take, da ƙurarta, ita ake so a iya rufe wa ƙofa. Hadari kuwa, kowane manomi ya san daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na tsofaffin gidajen ƙasa ya fi saurin zaizayewa. Wannan bangon a ba shi kariya ta musamman.

Idan filin ya tilasta muku kallon yamma saboda titi, ƙofar shiga kawai za ta kalli titin. Ɗakunan aiki su juya.

Mataki na 3: A jera ɗakuna irin na gidan gargajiya

Tsarin zaure da tsakar gida bai tsufa ba. Zaure ya zama mashiga kuma wurin baje kolin zane da kayan hannu, inda baƙo zai tsaya ya kalla ba tare da ya kutsa inda ake aiki ba. Iyaye da yawa ba za su bar 'ya'yansu mata su zo ba sai sun ga wurin yana da tsari da kamun kai, kuma zaure mai mai gadi, da banɗakunan mata a nasu ɓangaren, suna cikin abin da ke kwantar musu da hankali.

Ɗakunan aiki su zama jeri ɗaya, kowanne da taga a kudu da taga a arewa, faɗinsa kada ya wuce mita 6 zuwa 7. Da zarar an yi ɗaki a bayan ɗaki da lungu a tsakiya, an kashe iska. Sito da banɗaki da matakala a tura su ƙuryar yamma da ta gabas, su sha ranar a madadin mutane. Masu ganga da kalangu a nisanta su da ɗakin karatu da kuma bangon maƙwabta, musamman idan akwai masallaci kusa. Masu rini a ba su rumfa buɗaɗɗiya a gefen da iska za ta tafi da warin sinadari waje.

A yi gangara a mashiga saboda masu keken guragu, duk tashin santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Ƙofofin zaure su zama biyu aƙalla, masu buɗewa waje.

Mataki na 4: Rufi

A nan mafi yawan zafin gini marar bene yake shigowa, don haka idan kuɗi ya yi ƙaranci, a rage ko'ina ban da nan. Kwano da tsakar ranar bazara yakan yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, kuma silin ɗin roba ko na kwali da ake mannawa dab da shi ba ya tare komai. Iskar da ta maƙale tsakaninsu ta gasu, ta sauko wa mutane a ka.

Maganin shi ne rufi biyu da iska ke wucewa tsakaninsu. Na ƙasa mai nauyi ne, na bulon ƙasa ko na soro. Na sama kwano ne a kan ƙarafa, an ɗaga shi aƙalla rabin mita zuwa mita 1, gefunansa a buɗe. Kwanon ya zama laima: ya tare rana da ruwa, iska ta kwashe zafinsa, rufin ƙasan ya wuni a inuwa. Wannan ita ce dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001, kuma irin wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Pritzker a 2022, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. Ƙauyen ba shi da wutar lantarki lokacin da aka yi makarantar, don haka dole ginin ya sanyaya kansa.

Mu kuma muna da abin da za mu sa a ƙarƙashin laimar. Rufin soro na azara, da bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu tallafe rufi, da magina suke yi tun kafin zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, suna ba da ɗaki mai tsayi da sanyi. Abin da ya sa mutane suka guje su shi ne yoyo da gyaran kowace shekara, kuma laimar kwano ta kawar da wannan. Sai dai giginya ta yi ƙaranci, ba na ba da shawarar a sare ta don azara. Inda babu, akwai rufin ƙubba na tubalin ƙasa zalla, wanda aka horar da magina da yawa a kansa a Nijar da sunan gini marar katako. Zauren atisaye mai bakan gizo ko ƙubba shi ne zai zama abin alfaharin cibiyar, kuma yaran da ke koyon zane za su riƙa ganin fasahar kakanninsu a saman kansu kullum.

Idan aljihu bai kai nan ba, ga mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi: kwano fari ko mai haske, ba baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu da ake yayi yanzu ba, shimfiɗar takardar alminiyam mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa, abin tare zafi mai kaurin santimita 5 ko fiye a kan silin, da kafofin iska a gefuna da ƙololuwa. Tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin kada ya gaza mita 3.5.

Abu biyu a kula. Laimar kwano tana kama iska, kuma guguwar farkon damina ba ta da wasa, don haka injiniya ne zai lissafa ƙarafan da yadda za a ɗaure su da ginshiƙai har ƙasa. Kada a bar wa mai walda ya yi da ka. Sannan a sa raga a inda jemagu da tantabaru za su iya shiga su tare.

Mataki na 5: Bango

Bulon siminti mai rami, inci 6 ko 9, zafi yana ratsa shi cikin 'yan awanni, shi ya sa ɗakin bulo yake turiri tun la'asar har tsakar dare. Bangon ƙasa mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yakan riƙe zafin rana awa takwas zuwa goma kafin ya iso ciki, lokacin an tashi daga aiki, iskar dare kuma ta fara sanyi. Yankinmu ya dace da wannan domin a rani akwai tazara mai yawa tsakanin zafin rana da sanyin asuba.

Na san abin da za a ce a taron kwamiti: ginin ƙasa na talaka ne, kuma ruwa zai cinye shi. Mai wannan magana a nuna masa hotunan cibiyar Hikma ta garin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, wadda Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, aka kammala a 2018. An mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, aka gina sabon babban masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Ba wanda zai kalle shi ya ce aikin rashi ne.

Ga yadda ake yin wannan bulo. A kankare ƙasar sama mai taki a ajiye ta gefe don shuka, a haƙo ta ƙasa, jar ƙasa ko birji. A gwada ta: a zuba cikin kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a bari ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashi ya fi yawa, laka ta zama wajen kashi ɗaya cikin biyar. Idan laka ta yi yawa bulo zai tsage, sai a ƙara yashi. Idan ta yi kaɗan ba zai kama ba. A tankaɗe ƙasar, a haɗa ta da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 tun tana busasshiya, a yayyafa ruwa kaɗan, daidai yadda idan aka dunƙula a hannu za ta kama, idan aka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida huɗu ko biyar. A matse a inji. A jera bulon a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa mako na farko, kuma kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Gaggawa a nan ita ke jawo wa bulon ƙasa baƙin suna. Kafin a buga dubbai, a buga ɗari a kai wasu ɗakin gwaji na wata jami'a ko kwalejin kimiyya a auna ƙarfinsu, a jiƙa wasu a bokiti su kwana a gani. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinan buga irin wannan bulo.

Buga bulo aiki ne da matasan da kansu za su iya koya cikin 'yan kwanaki, a biya su ladansu. Yaron da ya buga bulon bango ba zai bari a ɓata bangon ba.

Ruwa ta sama da ta ƙasa yake kashe ginin ƙasa. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya taso aƙalla santimita 40 daga ƙasa, a shimfiɗa masa abin hana damshi hawa kafin a fara jera bulo, a kuma yi maganin gara. Daga sama rufi ya fito ya kare bangon, indararo kuma ya zubar da ruwa nesa da gindinsa. Bulon inji ba ya buƙatar filasta, sai dai bangon gabas. Idan kuwa tubalin hannu aka yi amfani da shi, kada a yi masa filastar siminti: ba sa kama juna, ruwa ya shiga bayanta ya ɓoye, wata rana ta ɓallo faifai guda. Yaɓen gargajiya ya fi dacewa da shi, makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Tsofaffin magina sun san haɗin. A nemo su, a haɗa su da masu koyon zane su yi wa fuskar zaure ado.

Mataki na 6: Tagogi da haske

Gilashi ƙofar zafi ce. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ta ce tagogi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango sai an yi musu inuwa. Ni zan ƙara da cewa bangon yamma kada a huda shi sam, na gabas kuma ƙananan kafofi kawai.

Kowane ɗaki ya samu tagogi hawa biyu. Na ƙasa, daidai inda mutum yake zaune, su ne mashigar iska. Na sama, dab da silin, su ne mafitar iska mai zafi, domin zafi sama yake hawa. Taga mai zamewa gefe rabinta kawai ke buɗewa, don haka mai buɗewa kamar ƙofa ko mai fuka-fukai ta fi. Kowace a sa mata ƙarfen tsaro da ragar sauro, saboda a iya barin ta a buɗe da dare.

Yadda ake sarrafa su ya danganta da lokaci, kuma wannan sai an koya wa mai gadi da shugabannin ɗakuna. A bazara, iskar rana ta fi ta cikin ɗaki zafi, don haka a rufe tagogin ƙasa tun hantsi, a kunna fanka, a buɗe komai bayan isha har safe domin bango ya huce. A damina a bar su a buɗe dare da rana saboda gumi. A hunturu a rufe na arewa.

Ɗakin masu zane ya samu manyan tagoginsa a arewa, a sama. Hasken arewa ba ya canzawa sosai daga safe zuwa yamma kuma ba ya kashe ido, launi yana fitowa yadda yake. A shafa wa silin da saman bango farar ƙasa ko farin fenti, sai a wuni ba a kunna ƙwai ba. Kwanon roba mai haske da ake sakawa a tsakiyar rufi kuwa, zafin da yake shigowa da shi ya fi amfaninsa.

Mataki na 7: Ɗakin ɗaukar sauti

Shi kaɗai ne za a rufe ruf, don haka a yi shi ƙarami, a sa shi a gefen arewa ko tsakiyar wasu ɗakuna inda rana ba ta taɓa bangonsa. Nauyi ne yake tare ƙara, kuma bangon ƙasa mai kauri ya riga ya ba ku wannan. A yi ƙofa biyu a jere da ɗan lungu a tsakani, a toshe gefunansu da roba. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana sauti fita, soso kuma yana kama wuta da sauri yana fitar da hayaƙi mai kisa. Don rage amsa-kuwwa, a yi firam na katako a cika da abin tare zafi marar kama wuta, a lulluɓe da yadi ko tabarma, a rataye a bango da kusurwoyi. Iyakwandishan mai inbata, doki ɗaya, ya ishi irin wannan ɗaki. A tanadi ƙaramar hanyar shigowar sabuwar iska mai lanƙwasa, domin mutum huɗu a rufaffen ɗaki sukan fara ciwon kai kafin a gama waƙa biyu.

Mataki na 8: Bishiya da ruwa

A dasa bishiyoyi a daminar da aka fara haƙa harsashi, kada a jira bikin buɗewa. Darbejiya tana saurin girma, a jera ta a yamma da gabas, nesa da bango kamar mita 5 saboda saiwa. Tsamiya da maɗaci na jikoki ne, amma a dasa. Idan an tarar da gawo a filin an yi sa'a, domin shi da rani yake ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa. Kada a malale tsakar gida da siminti ko bulon daɓe, suna shan rana su wuni suna huci. Yashi da tsakuwa da inuwa sun fi.

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 300 a garin da ke samun milimita 600 a shekara zai zubo lita 180,000. Ba za ku iya ajiye duka ba, amma tanki na ƙasa mai murfi zai ɗauki shuka da wanke-wanke wata da watanni. A bar ruwan farko ya wanke kwano ya zube. Ruwan alwala da na wanke hannu a kai shi gindin bishiya, na rini kuwa a yi masa raminsa daban, nesa da rijiya.

Mataki na 9: Sai yanzu za a yi maganar sola

A fara da rage buƙata. Fankar sama ta da tana cin wat 70 ko fiye, sabuwar mai tsimi wajen 30. Fitilar dandamali ta da wat 1,000 take ci tana gasa 'yan wasa, ta LED kuma 100 zuwa 200. Kwamfutar cinya ta fi ta tebur sauƙin ci nesa ba kusa ba.

Ga misalin lissafi, ku sauya shi da naku. Yunit ɗaya, irin na mitar kati, shi ne wat 1,000 na awa ɗaya. Fanka 12 masu wat 30 na awa 8, yunit 2.9. Ƙwai 30 masu wat 10 na awa 5, yunit 1.5. Kwamfuta 10 masu wat 50 na awa 5, yunit 2.5. Kayan sauti wat 500 na awa 3, yunit 1.5. Fitilun dandamali 8 masu wat 100 na awa 3, yunit 2.4. Iyakwandishan na ɗakin sauti, a ce wat 700 na awa 5, yunit 3.5. Injin tura ruwa wat 750 na awa 1, yunit 0.75. Jimla yunit 15 a rana. Yanzu ku kwatanta: iyakwandishan shida masu doki ɗaya da rabi, kowanne wajen wat 1,200, na awa 8, yunit 57 da ɗoriya ne su kaɗai. Kusan ninki huɗu ke nan na duk abin da cibiyar take buƙata, kuma rufi da bango ne suka ɗauke muku shi.

A yankinmu ana lissafa awa 5 na cikakkiyar rana don a zauna lafiya, a kuma cire kashi ɗaya cikin huɗu na asarar zafi da ƙura da waya. Yunit 15 zai buƙaci faifan sola na kilowat 4, wato wat 4,000, kimanin faifai 8 masu wat 550. Batir na aikin dare ne kawai, kimanin yunit 6 zuwa 7 a misalinmu, don haka batirin litiyam mai yunit 10 ya isa. Duk aiki mai cin wuta, tura ruwa da guga da ɗaukar sauti, a tsara shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma, a sha daga rana kai tsaye.

Faifan su kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, da sarari a ƙarƙashinsu don iska, domin zafi yana rage musu ƙarfi. A yi tsani da wurin takawa tun a zane, saboda da hunturu sai an wanke su kowane mako, da sassafe kafin su yi zafi. Batir da inbata a ba su ɗaki mafi sanyi, mai iska, mai makulli. Batirin ruwa da aka ajiye a ɗaki mai zafi rabin kwanansa yake yi. A raba layin wuta biyu, na dole da na more rayuwa, yadda idan batir ya yi ƙasa za a kashe na biyu. A kafa sandar tsawa da waya mai shiga ƙasa. Kuma tun ranar farko a buɗe asusun sauya batir, a riƙa zuba wani abu daga kuɗin hayar dandamali da na ɗakin sauti kowane wata.

Mataki na 10: Shekarar farko

A sayi ma'aunin zafi guda uku masu araha. Ɗaya a rataye a inuwar baranda, ɗaya a zauren atisaye, ɗaya a ɗakin zane. A ba wasu yara biyu littafi su riƙa rubuta abin da suka gani da ƙarfe 7 na safe, da 3 na yamma, da 9 na dare, tun daga Maris har ƙarshen Mayu. A gefe su rubuta yunit nawa inbata ta nuna an sha. Idan wani ɗaki ya fi sauran zafi da la'asar, a bi bangonsa a ga inda rana take taɓawa, a kafa masa zana ko rumfar kara kafin bishiya ta girma. Idan da safe ɗakin bai huce ba, tagogin sama ne ba a buɗewa da dare, sai a koma wa mai gadi.

Kafin ruwan farko, cikin watan Afrilu, a hau sama a duba ƙusoshin kwano da maɗauran ƙarfe, a share indararo da magudanai, a toshe duk tsagar da ta bayyana a yaɓen bangon gabas, a zagaya gindin gini ana neman hanyar gara. A rubuta sunan wanda zai yi kowanne a jikin allon zaure, da ranar da ya yi.